TARIN FUKA A CHINADE: MAGANI KYAUTA NE, AMMA JINYA NA CINYE JARI

CHINADE, Jihar Bauchi. Da zarar kaka ta yi, aka gama yankan gero da roron wake, ƙauyukan gundumar Chinade da ke ƙaramar hukumar Katagum sukan shiga lokacin da kuɗi ke juyawa a hannun jama'a. Manoma na fitar da amfanin gona, dillalai na auna buhuna, motoci kuma na jigilar hatsi da dabbobi zuwa Azare, daga can a wuce da su Kano ko Potiskum. A wannan lokaci ne ake biyan bashin damina, a yi hidimar aure, a sayi tunkiya ko ɗan maraƙi a ajiye saboda bacin rana. Amma akwai gidajen da kakar kan zo musu da wani lissafi dabam, watau gidajen da mai nema ya daɗe yana tari, yana ramewa, har ta kai shi ga kasa riƙe fartanya. A irin waɗannan gidaje, hatsin da aka tanada domin ci shi ake aunawa mudu-mudu a kai kasuwa domin neman magani.

Sau da yawa ciwon da ke kawo wannan hali shi ne tarin fuka, wanda wasu ke kira tarin tibi. Ba baƙon ciwo ba ne a ƙasar Katagum, kamar yadda ba baƙo ba ne a sauran sassan Nijeriya. Abin da ya sa ya cancanci kulawar 'yan kasuwa shi ne, ya fi kama mutanen da ke cikin ganiyar ƙarfinsu, watau manoma da 'yan dako da direbobi da yaran shago da matan da ke sana'a a cikin gida, waɗanda a kan guminsu harkar kasuwa ke tafiya.

Girman matsalar

Bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, mutum miliyan 10.8 ne suka kamu da tarin fuka a faɗin duniya a shekarar 2023, kuma kimanin miliyan 1.25 suka rasu, abin da ya mayar da shi kan gaba cikin cututtuka masu yaɗuwa wajen kisa, bayan da annobar korona ta lafa. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu fama da shi, ita ce kuma ta shida a duniya. Hukumar ta ƙiyasta cewa cikin kowane mutum 100,000 a ƙasar nan, 219 ne ke kamuwa a shekara, watau kusan mutum rabin miliyan ke nan.

Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan ƙaramar hukumar Katagum, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutane ɗan ƙasa da 300,000, za a ga cewa ko da yawan jama'ar bai ƙaru ba tun daga lokacin, ana maganar mutum sama da 600 ne a kowace shekara tsakanin Azare da Chinade da Madara. To, balle kuma jama'ar ta ƙaru ƙwarai cikin shekarun da suka biyo baya.

Na dogon lokaci babbar matsalar Nijeriya ita ce gano masu ciwon. A shekarar 2019, mutum kimanin 120,000 kaɗai aka gano aka sa cikin rajista, alhali waɗanda suka kamu sun ninka haka fiye da sau uku. An sami ci gaba daga baya, domin adadin ya haura 207,000 a 2021, ya haura 285,000 a 2022, sa'an nan ya wuce 360,000 a 2023. Duk da haka dubban mutane na nan cikin gari da ƙauye suna tari ba tare da an auna su ba, kuma masana sun nuna cewa mutum guda da bai shiga magani ba yana iya harbin mutum 10 zuwa 15 cikin shekara ɗaya.

Yadda ciwon yake

Wani likita Bajamushe mai suna Robert Koch ne ya bayyana gano ƙwayar cutar a ranar 24 ga Maris, 1882, shi ya sa aka keɓe wannan rana ta kowace shekara domin tunawa da yaƙi da ita. Ƙwayar tana bin iska ne. Idan mai ciwon ya yi tari ko atishawa, sai ta fito ta yi ta yawo, musamman a ɗakin da ba taga, ko shagon da aka cunkushe, ko motar haya da aka rufe gilasanta saboda ƙurar hunturu. Ba a ɗaukarta ta hanyar gaisawa ko cin abinci a kwano ɗaya, duk da cewa akasarin jama'a kwano da moɗa suke fara ware wa mai ciwo, su bar shi yana kwana da yara a ɗaki guda.

An ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa shaƙar ƙwayar, amma a jikin akasarinsu kwance take ba ta yin komai. Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai take tasar wa, galibi idan jiki ya yi rauni. Abubuwan da ke raunana jikin kuwa sanannu ne: ƙarancin abinci, ciwon ƙanjamau, ciwon sukari, shan taba da shan barasa. Alamominsa sun haɗa da tarin da ya kai mako biyu bai tafi ba, zazzaɓi, zufa da dare, rama, wani lokaci kuma kaki mai jini. Idan ba a yi magani ba, kimanin rabin masu ciwon ne ke rasa rayukansu.

Tun 1989 Gwamnatin Tarayya ta kafa shirin yaƙi da tarin fuka da kuturta na ƙasa, aka ƙaddamar da shi a 1991, tare da cibiyar horar da ma'aikata a Saye kusa da Zariya. A 1993, shekarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ciwon a matsayin larurar gaggawa ta duniya baki ɗaya, Nijeriya ta rungumi tsarin shan magani a gaban ma'aikacin lafiya ko wani amintacce. A Jihar Bauchi, hukumar BACATMA mai yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da kuturta da zazzaɓin cizon sauro ita ce ke kula da aikin. Maganin na wata 6 ne: wata 2 ana shan haɗin magunguna huɗu, wata 4 kuma ana shan biyu. Awon kaki da maganin duka kyauta ne a cibiyoyin da aka amince da su, kuma fiye da mutum 8 cikin 10 da suka sha shi yadda ya kamata sukan warke sarai.

Lissafin gida

Tambayar da duk ɗan kasuwa zai yi ita ce, tun da magani kyauta ne, ina kuɗin ke tafiya? Binciken da aka gudanar a Nijeriya a 2017 kan abin da masu tarin fuka ke kashewa ya gano cewa kashi 71 cikin 100 na gidajen da ciwon ya shiga sun yi asarar da ta wuce kashi 20 cikin 100 na abin da suke samu a shekara. Wannan shi ne mizanin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ɗauka a matsayin asarar da ke durƙusar da gida. Alal misali, ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, yana samun Naira 840,000 a shekara, saboda haka da zarar ciwon ya ci masa Naira 168,000 ya faɗa cikin wannan rukuni. Manomin Chinade kuwa ba shi da albashin da ke shigowa ko yana kwance.

Ta ƙofa uku kuɗin ke fita. Ta farko ita ce yawon neman magani kafin a gane ainihin ciwon. Mai tari yakan fara da kemis, a ba shi maganin tari na ruwa da ƙwayoyin mura, ya ɗan ji sauƙi, ciwon ya dawo. Daga nan a koma ga jiƙe-jiƙe da hayaƙi, wasu ma su ce sammu ne. Kafin a kai ga asibitin da za a karɓi kaki a auna, makonni ko watanni sun shige, an sayar da akuya ko biyu, mutanen gida kuma sun sha shaƙar ƙwayar.

Ƙofa ta biyu ita ce sufuri da abinci. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, Nijeriya kuma ta mayar da ita babbar hanyar awo a 2016, tana ba da sakamako cikin kimanin sa'a biyu, har ta nuna ko ƙwayar ta bijire wa magani. Amma tana bukatar wutar lantarki da ɗaki mai sanyi, saboda haka a manyan asibitoci irin na Bauchi da Azare aka fi samunta. Mutumin ƙauye tilas ya hau babur ko mota, ko kuma a aika da kakinsa ya jira. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya ninka, kuma a tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Da maganin ya fara aiki, cin abincin majinyaci yakan buɗe, jikinsa na neman ƙwai da nama da wake, a daidai lokacin da ba ya kawo ko kwabo gida. Damina ma takan ƙara nata, kamar yadda aka gani a watan Agustan 2024 lokacin da ambaliya ta yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a cikin ƙaramar hukumar Katagum.

Ƙofa ta uku, wadda ta fi sauran faɗi, ita ce rashin aiki. Noman wannan yanki na damina ɗaya ne. Magidancin da ciwo ya kwantar daga watan Yuni zuwa Satumba ya yi asarar shekara guda cur, sai dai ya ɗauki 'yan ƙwadago da kuɗin bashi, ko ya jinginar da gonar. Saurayin da ya saba tafiya ci-rani Kano ko Legas da rani, ya dawo da kuɗin taki, shi ma ya zauna. Sau da yawa a can wurin ci-ranin ne ma ake kwaso ciwon, inda mutum goma ke kwana a ɗaki ɗaya, sai a dawo da shi gida a raba wa iyali.

Illar yanke magani

A nan ne talauci ke haifar da asarar da ta fi ta farko. Bayan wata ɗaya ko biyu da fara magani, tari yakan tsaya, jiki ya murmure, sai majinyaci ya ga ba dalilin ci gaba da biyan kuɗin babur zuwa karɓar ƙwaya alhali ga aiki na jiransa. Idan ya yanke, ƙwayoyin cutar da suka rage sukan farfaɗo, wani lokaci kuma su zama masu bijire wa manyan magungunan biyu, watau rifampicin da isoniazid. Irin wannan tarin a da sai an yi wata 18 zuwa 24 ana magani, har da allurai masu iya kurmantar da mutum. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sabon haɗi na wata 6 wanda ake sha ta baki, mai ƙunshe da maganin bedaquiline, amma har yanzu kuɗinsa ya ninka na tarin fuka na yau da kullum sau da yawa, kuma duk wanda mai irin wannan ciwon ya harba, ƙwaya mai taurin kan ce zai ɗauka kai tsaye.

Akwai kuma ɓangaren da ya shafi fataken dabbobi da mahauta. Shanu na da nasu nau'in tarin fuka, wanda ke iya shiga jikin mutum ta hanyar shan madarar da ba a tafasa ba. A yankin da kiwo da cinikin nono ke cikin manyan sana'o'i, tafasa madara kafin a kwantar da ita, da kuma barin malaman dabbobi su duba huhu da hanta a mayanka, kariya ce ga mai saye da mai sayarwa duka.

Sauran cututtuka da kasuwa

Tarin fuka na cin dukiya ne a hankali, shi ya sa ba a cika jin ƙararsa ba. Sauran cututtuka masu yaɗuwa kuwa farat ɗaya suke tsayar da harka. Dattawan 'yan kasuwa ba za su manta da annobar sanƙarau ta 1996 ba, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 11,000, har hukumomin Saudiyya suka hana maniyyatan ƙasar nan shiga aikin Hajji a shekarar. A 2021 kwalara ta kama mutum fiye da 100,000, ta kashe sama da 3,000, kuma Bauchi na cikin jihohin da abin ya fi tsanani tare da Jigawa da Kano da Zamfara. A 2019 zazzaɓin shawara ya ɓulla a ƙaramar hukumar Alkaleri, inda gandun dajin Yankari yake. A 2023 kuma mashaƙo ya addabi Kano da Yobe da arewacin Bauchi, ya fi kama yaran da ba a yi wa allurar rigakafi ba.

Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu, ya shafi masu hatsi kai tsaye. Ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashinsa a kan abinci, kuma ya fi tashi da rani. A 'yan shekarun nan Bauchi na sahun gaba tare da Ondo da Edo wajen yawan masu kamuwa. Sito ko rumbun da ɓera ke shiga ya fita yadda ya ga dama, asara biyu yake jawowa, ta hatsi da ta lafiya.

Wa ke biyan kuɗin?

Maganin da majinyaci ke karɓa kyauta, wani ne ya biya. Rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya na farkon shekarun 2020 sun nuna cewa kusan kashi 70 cikin 100 na kuɗin da shirin tarin fuka na Nijeriya ke bukata ba a samunsa, kuma ɗan abin da ake samu akasarinsa daga waje yake zuwa, musamman daga Asusun Duniya na Yaƙi da Ƙanjamau da Tarin Fuka da Zazzaɓin Cizon Sauro da aka kafa a 2002, da kuma gwamnatin Amurka. Haɗarin wannan dogaro ya fito fili a watan Janairun 2025, lokacin da Amurka ta dakatar da agajin da take bayarwa, daga bisani kuma ta rushe hukumarta ta USAID, wadda ke cikin masu ɗaukar nauyin aikin neman masu ciwon a jihohi da dama.

A Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alkawari a watan Afrilun 2001 cewa za su riƙa ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu, amma kasafin Gwamnatin Tarayya bai kai ga wannan adadi ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin ƙananan asibitoci, dokar 2022 kuma ta wajabta inshorar lafiya. Kafa Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya a Azare a 2021 ya sa ana kyautata zaton samun ƙarin ma'aikata a yankin nan gaba. Sai dai burin da duniya ta sa wa kanta, na rage mace-macen tarin fuka da kashi 95 cikin 100 kafin 2035 da kuma ganin ba gidan da jinyarsa ta talauta, har yanzu da sauran tafiya. Allurar BCG da ake yi wa jarirai tun 1921 tana kare yara daga munanan nau'o'in ciwon, amma ba ta cika kare manya ba. Sabuwar allurar M72 kuwa a 2024 aka fara babban gwajinta.

Rawar 'yan kasuwa

Ko shakka babu akwai abin da masu hali da ƙungiyoyin kasuwa za su iya yi ba tare da jiran gwamnati ba. Na farko, maigidan da ya ji yaronsa na tarin da ya wuce mako biyu, ya ba shi kuɗin mota ya je a auna shi. Idan an same shi da ciwon, korarsa ba dabara ba ce, domin tsoron kora da tsangwama ne ke sa mutane ɓoye tari har su harbi na kusa da su. Bayan 'yan makonni da fara magani yadda ya kamata, haɗarin yaɗa cutar yakan ragu ƙwarai, kuma da izinin likita mutum na iya komawa bakin aikinsa. Riƙe amintaccen yaro na wata biyu ya fi araha a kan neman sabo da koya masa harka.

Na biyu, masu kemis, waɗanda su ne ƙofar farko da mai tari ke bugawa, shirin ƙasa ya daɗe yana neman haɗin kansu domin su riƙa tura irin waɗannan mutane wurin awo maimakon ci gaba da sayar musu da maganin tari. Na uku, ƙungiyoyin direbobi da na 'yan dako da na mahauta, waɗanda ke tara kuɗin mako-mako domin biki da rasuwa, suna iya ware wani abu domin kuɗin mota da abincin ɗan ƙungiyar da ke kan magani har ya cika watanninsa 6. Haka nan ya kamata a kai sauran mutanen gidan a duba su, musamman yara 'yan ƙasa da shekara 5, domin akwai maganin kariya da ake ba su kyauta.

Batun abinci kuwa yana da hujja mai ƙarfi. Wani babban bincike da aka yi a jihar Jharkhand ta Indiya, aka bayyana sakamakonsa a 2023, ya nuna cewa raba kayan abinci kowane wata ga iyalan masu tarin fuka ya rage sababbin kamuwa a cikin gidajen da kimanin kashi 40 cikin 100. A ƙasar da ake fitar da zakkar hatsi kowace kaka, ba abu ne mai wuya ba masu unguwanni da limamai su sa gidajen masu jinya cikin sahun farko na waɗanda za a ba gero da wake.

Hausawa sun ce lafiya uwar jiki, kuma ɗan kasuwa ya fi kowa sanin cewa ita ce uwar kuɗi. Manomin Chinade da aka gano ciwonsa da wuri, ya sha maganinsa ya cika, zai koma gona da damina mai zuwa, ya biya bashin taki, ya kawo buhunansa Azare. Wanda aka bari yana yawo tsakanin kemis da mai magani kuwa, gonarsa za ta koma saura, bashin da ke kansa ya maƙale, kuma dillalin da ya ba shi kuɗi tun damina yana cikin waɗanda za su ɗauki asarar.